Ƙafar Dama

Lauya ya ce, "Sada, zauna mu yi ciniki."
Na ɗauka ciniki sai kasuwa,
buhun gero, tsohuwar taya,
ashe laifi ma ana taya shi,
a ce albarka, a rage, a sallama.

"Tuhuma uku ke kanka:
tuƙin ganganci, tuƙi cikin maye,
da ƙafar Malam Rabe da ta karye gida biyu.
Ka amsa ta tsakiyar da bakinka,
mai gabatar da ƙara ya janye sauran.
Tara, kuɗin asibiti,
ka kwana ɗakinka."

Na ce, "In na ce ban sha ba fa?"
Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
"Likita ya rubuta.
Kwalba biyu ƙarƙashin kujera,
ɗaya ba murfi."

Talata, kotun majistare a Katsina,
fanka na juyawa kamar an tilasta mata.
"Ka aikata?"
"Na aikata."
A bencin baya Baba Dikko ya sunkuya
har hularsa ta zamo.
Shekara sha ɗaya ina rufe abin
da kanumfari da goro da turare,
minti huɗu ya ishi magatakarda.

Na fito ina ganin an gama.
Har tsire na saya wa yara.

Kwana tara, sai ga takarda
daga ofishin da ba alƙali, ba akwatin tsayawa,
ba wanda za ka kalla ka ce ya yi haƙuri.
Hatimi shuɗi, sa hannu kamar tafiyar kaza:
an karɓe lasisin tuƙi, shekara biyu.
Na koma wa lauya da ita.
Ya ce, "Wannan ba ya cikin cinikinmu.
Kotu ta sake ka. Su ba kotu ba ne.
Bakinka ne ya aika musu."

Wata mata a bayan taga ta karɓi katin,
ta dubi hoton, ta dube ni,
ta jefa shi cikin durowa
kan wasu fuskokin da aka ɗaure da roba.

Yanzu ni ne a bakin tasha da asuba:
"Daura ɗaya! Mashi, Shargalle, Daura, saura ɗaya!"
Bishir, da na koya wa riƙon kulochi
yana ɗora filo don ya hango hanya,
shi ke zaune inda nake zama.
Ya matsar da kujerar gaba.
Ya sauya tashar rediyo.
In mota ta cika ya miƙo min na kamasho
a dunƙule, idonsa kan madubi,
yana ce min "Oga" a hankali.

Juma'ar nan na biya kuɗin mota
kamar kowa, na shiga baya,
tsakanin mai buhun albasa da ɗalibar jinya.
Malam Rabe na zaune a zaure,
ƙarfe ya huda ƙaurinsa wuri huɗu,
kekensa rataye a bango, gaba a lanƙwashe.
Ban san me na zo faɗa ba.
Na ajiye lemo da sukari.

Ya ce, "Kai shekara biyu suka ba ka?
Ni likita bai faɗi ranar tawa ba."
Ya yi dariya. Ya sa aka kawo min ruwa.
Na sha duka.

A hanyar dawowa, dab da kwanar nan,
wani yaro ya ɓullo da akuyoyi.
Bishir ya gani tun daga nesa, ya sassauta.
Ni kuwa a baya
ƙafata ta dama ta danna ƙasan mota
da dukan ƙarfinta,
tana neman birkin
da ba ta nema ba
ranar da yake ƙarƙashinta.